Yadda na sha fama da gansakukar duwatsu a ma'ajiyar busassun tsirrai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wata ƙanwarmu ce ta turo min saƙo kwanakin baya wai an ba ta aikin bincike a kan gansakuka, kuma ta rasa ta inda za ta kama. Da na fara ba ta amsa sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, to gara in shimfiɗa ta a nan tun daga farko yadda abin ya faru da ni lokacin da nake digiri na biyu a Sikotlan, ko Allah zai sa wani ya tsallake ramukan da na faɗa.

Da farko dai kalmar kanta. Mu a gida duk wani koren abu da ya fito a jikin randa ko bakin rijiya ko kan dutse da damina gansakuka muke ce masa. Amma wadda nake magana a kai ba mai santsin nan ta cikin ruwa ba ce, wannan tsiro ne sosai mai ɗan kara da ganye, sai dai ba ya fure ba ya 'ya'ya, da wata ƙurar iri yake yaɗuwa wadda take fitowa daga ɗan kwanso mai murfi. Kuma nau'inta a duniya ya haura 12,000. Ni nawa aikin a kan masu zama a kan tsuran dutse ne, irin su Grimmia da Schistidium da Racomitrium da Andreaea, kuma ba daji aka tura ni ba, busassun da aka ajiye shekara da shekaru aka ce in tantance.

Ranar da na fara zama da sufabaizana a farkon watan Mayu, ya jawo wasu akwatunan kwali guda uku ya ajiye a gabana, cike da ƙananan ambulan na takarda da aka naɗe da hannu, wajen 140. Na buɗe ɗaya sai na ga wani ɗan dunƙule baƙi-baƙi mai furfura a sama, girmansa bai kai ƙwallon goro ba, ga ƙasa da ɓurɓushin dutse a ƙasan ambulan ɗin. Na buɗe na biyu, iri ɗaya. Na buɗe na goma, wallahi a idona duk abu ɗaya ne. Gabana ya faɗi, don wata uku da 'yan kwanaki kawai gare ni. Na ce masa Farfesa, to ta ina ake bambance su? Ya ce da reza. A lokacin ban fahimce shi ba. Ya rubuta min sunayen littattafan da zan ara a laburare, ya ce kafin komai in je wurin mai kula da ma'ajiyar in yi rajista, kuma in fara tunanin samfuran da zan nemi aro daga wasu wurare. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce na yi wa riƙon sakainar kashi, kuma ita ta fi ci min lokaci daga baya.

Ofishin mai kula da ma'ajiya bai ɗau lokaci ba amma akwai takardu. Na kai katin makaranta da wasiƙar sufabaiza, na cike fom na shiga, sannan wani fom daban wanda shi ne mafi muhimmanci, wato izinin cire wani abu daga jikin samfur. Domin aikinmu dole sai ka ciri tsiro ɗaya ko biyu ka jiƙa ka yanka, kuma wannan ɓarna ce ga abin da ba a iya maye gurbinsa, shi ya sa sai an sa hannu. Ta zagaya da ni ta faɗa min dokoki, ba a shiga da abinci ko abin sha, ba a shiga da ɗanyen tsiro ko da fure ɗaya ne saboda ƙwari, fensir kawai ake rubutu da shi a kusa da samfur, ambulan ɗaya ake buɗewa a lokaci ɗaya kada abin ciki ya cakuɗu, kuma duk abin da ka cira ka gama da shi ka busar ka sa a ƙaramin ambulan ka mayar cikin uwarsa. Ta nuna min wasu fayil masu jan baki ta ce waɗannan su ne samfuran asali, wato ainihin tsiron da aka dogara da shi ranar da aka raɗa wa nau'in suna, ba na taɓa su sai tana tsaye. Katin shiga ya fito bayan kwana huɗu. Ban biya ko sisi ba a nan tunda ɗalibi ne ni.

Kayan aiki kuwa, maikiroskof guda biyu na makaranta ne, ɗaya na fiɗa wanda kake aiki da hannu a ƙarƙashinsa, ɗaya kuma mai ƙara girma har sau 400. Amma akwai abin da ya kamata ka mallaka da kanka. Na sayi ɗan madubin hannu mai ƙara girma sau 20, da hantsaki biyu masu tsinin baki sosai, da reza mai baki biyu irin wadda muke saye a kanti a gida, da littafin rubutu mai kauri. Duka ban kashe abin da ya kai fam 60 ba, kuma hantsakin ne suka ci rabin kuɗin. Kada ka yi ƙoron kuɗi a kan hantsaki, ganyen da za ka kama tsawonsa milimita 1 zuwa 3 ne, in bakin bai haɗu daidai ba sai dai ka yi ta murƙushe shi. Rezar kuma ka sayi da yawa, tana dakushewa da wuri saboda yashin da ke maƙale a jikin tsiron.

Ranar farko a kan benci ba zan manta da ita ba. Na ciri tsiro ɗaya daga wani ambulan da aka tara tun kafin a haifi mahaifina, na ɗora a gilashi na ɗiga masa ruwa, ina kallo ta maikiroskof sai ganyen suka fara motsi, suka lanƙwashe baya sannan suka dawo suka baje, baƙin ya juye ya koma kore-kore cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Na ce Allahu Akbar a fili. Ba wai ya rayu ba ne, jikin ne yake shan ruwa ya koma siffarsa, kuma wannan baiwar ita ta sa ake iya nazarin gansakuka daga tsohon samfur fiye da yawancin tsirrai. A kan dutse ma haka suke rayuwa, rana ta gasa su su bushe ƙayau, raɓa ta sauka su farfaɗo. Masu taurin kai da suka ƙi jiƙuwa, sai ka sa ɗan ɗigon sabulun wanke-wanke a ruwan ko ka yi amfani da ruwan ɗumi. Amma ka tuna, ka kalli tsiron a bushe ka rubuta abin da ka gani tukuna kafin ka jiƙa, domin wasu alamomin a bushe kawai suke fitowa, misali Grimmia funalis in ta bushe rassanta suna murɗewa kamar igiyar da aka tufka, da ka jiƙa shi kenan alamar ta tafi.

Sati biyun farko na yi su ne wajen raba su gida-gida, wato manyan rukunan da kowanne ya tara nau'o'i masu kama da juna, kuma wannan ya fi sauƙi fiye da yadda na zata in dai akwai kwanso. Andreaea baƙa ce wuluk ko ja mai duhu, kwansonta ba shi da murfi, tsagewa yake gida huɗu kamar 'yar fitila. Racomitrium da ka sa ganyen a babban maikiroskof za ka gane ta, bangon ƙwayoyin halittar ganyen a murɗe yake kamar bakin zarto. Hedwigia ganyenta ba jijiya a tsakiya sam. Rigimar tana tsakanin Grimmia da Schistidium. A Schistidium kwanson yana nutse cikin ganye ba shi da dogon wuya, haƙoran bakinsa jajaye, kuma in murfin ya faɗi yana tafiya da ɗan ginshiƙin da ke tsakiyar kwanson. A Grimmia ginshiƙin yana zama a ciki. Don haka kada ka zubar da ƙurar da ke ƙasan ambulan, sau da yawa a nan na tsinci murafun da suka warware min matsala. Grimmia pulvinata ita ce ta farko da na iya ganewa da ido, wadda take yin 'yan matasai masu furfura a kan katangu da siminti, wuyan kwansonta yana lanƙwasowa ya cusa kai cikin ganye tun yana ɗanye.

Daga nan ne na gane maganar reza. Bambancin nau'i da nau'i a cikin Grimmia yawanci ba a fuskar ganye yake ba, sai ka yanka ganyen a kwance ka kalli bakin yankan, ka ga ko kaurinsa layin ƙwayoyi ɗaya ne ko biyu, ko gefensa a miƙe yake ko ya naɗe baya, ko jijiyar ta turo waje kamar ƙirjin kwalekwale ko a shafe take. Kwana goma ina yanka ban samu ko ɗaya mai kyau ba. Duk abin da na yanka sai ya yi kauri ya kwanta ruf da ciki maimakon ya juya gefe. Yatsuna duk sun sha reza, idanuna suna zafi, akwai daren da na koma ɗaki na kira gida na ce wa Inna ina jin aikin nan ya fi ƙarfina, ta ce in yi alwala in kwanta gobe ma rana ce. Washegari na cire kunya na je wurin wata dattijuwa mai kula da ɗakin gwaji na ce ta taimake ni. Ta zaunar da ni ta nuna min a cikin minti 15. Ka tara ganye biyar ko shida wuri ɗaya, ka rage ruwan har ya zama danshi kawai, ka danne su da gefen wani gilashin ko da bakin hantsaki, ka jingina rezar da shi ka yi ta sara a jere ba tare da ka matsar da hannu sosai ba, kamar mai yanka kuɓewa sirara. Ka yi yanka 30, a ciki za ka samu uku ko huɗu masu kyau, kuma su kaɗai kake buƙata. Kuskurena shi ne ina ta ƙoƙarin fitar da guda ɗaya cikakke, kuma ina yi cikin ruwa mai yawa ganyen yana ta gudu. Sannan ta ce in riƙa yanka daga sama da tsakiya da gindin ganye, saboda ganye ɗaya yana iya zama layi biyu a sama layi ɗaya a ƙasa.

Wani ramin da na faɗa shi ne awo. A cikin idon maikiroskof akwai ɗan ma'auni, amma layukansa ba su da ƙima tsayayya, sai ka daidaita shi da wani gilashi na musamman mai ma'aunin gaskiya, kuma kowane ƙarfin madubi da nasa lissafin. Ni kuwa na ɗauki lissafin da na tarar manne a jikin wani maikiroskof na yi aiki da shi a kan wani daban. Sati guda ina auna ƙwayoyin ganye, waɗanda faɗinsu bai wuce maikiron 10 ko kusa da haka ba, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, ka ga ƙaramin kuskure ya isa ya kai ka wani nau'in daban. Sai da sufabaiza ya ga alƙaluman ya ce sun yi girma. Duk na sake su.

To a sati na huɗu ne na tuna da maganar aro, kuma a nan na yi nadama sosai. Ashe ɗalibi ba ya neman aro da kansa, ma'ajiya ce take rubuta wa ma'ajiya. Kai naka shi ne ka shiga intanet ka nemo lambobin samfuran da kake so, yawancinsu suna kan GBIF, wato shafin da ke tara bayanan halittu na duniya, ko shafin ma'ajiyar, ka jera su da sunan wanda ya tara da shekara, ka rubuta dalilin nema da ko za ka yanka, sufabaiza ya sa hannu, mai kula da ma'ajiya ta aika da sunanta. Na nemi samfur 22 daga wurare biyu. Ɗaya ya amsa cikin kwana biyar, ɗayan sai da aka tuna musu sau biyu. Kwalin farko ya iso bayan sati shida, na yi murna na ruga ofis, sai aka ce ba zan taɓa ba sai ya yi sati guda a firiza don kashe ƙwari, wannan dokar ba a ɗaga wa kowa ita. Samfuran asali guda biyu da na nema kuma aka ce ba a aika su, sai hotuna. Na ji zafi a lokacin amma na fahimta, abu ne guda ɗaya tak a duniya. Misali sunayen yawancin gansakuka ana fara lissafinsu ne daga littafin Johannes Hedwig da ya fito a 1801, shekara biyu bayan rasuwarsa, kuma samfuransa suna ajiye a Janeba ta ƙasar Suwizalan har yau, wa zai so irin wannan ya ɓata a hanya?

Lokacin jiran ban zauna ba, na koma kan Schistidium, kuma nan na koyi darasin da ya fi kowanne, wato kada ka yarda da sunan da ke kan ambulan don kawai rubutun tsohon masani ne. Kusan 40 daga cikin nawa an rubuta musu Schistidium apocarpum. Ba ƙarya masu rubutun suka yi ba, a zamaninsu haka ake kiran dukkansu. Sai a 1996 wani masani ɗan Nowe, Hans Blom, ya bi wannan rukunin a Nowe da Suwidin ya nuna cewa nau'o'i ne da yawa, sun haura 20, aka cusa ƙarƙashin suna ɗaya. Don haka duk ambulan da aka sa wa suna kafin wannan shekarar sai an sake duba shi. Ana tsaga kwanson a shimfiɗa bangonsa a kalli ƙwayoyin, in yawancinsu dogaye ne ka karkata zuwa Schistidium crassipilum, wadda ita ce ta cika katangu da kankare a ƙasar, in kuwa gajeru ne masu faɗi ka karkata zuwa apocarpum ta ainihi, sannan ka haɗa da siffar furfurar da haƙoran. Fiye da rabin nawa sun canja suna. Abin da ke kan ambulan da ya fi sunan amfani shi ne wurin da aka tara da irin dutsen. Wasu ba sa zama sai a kan dutsen farar ƙasa, wasu kamar Andreaea sai a kan dutse mai tsami irin giranait. In aka yi sa'a akwai ɓallin dutse a ciki, ɗigon asid mai rauni zai gaya maka, in ya yi kumfa farar ƙasa ce. Allah ya saka wa masu tarawar da suka rubuta wannan bayanin, waɗanda suka rubuta sunan gari kawai kuwa sun bar mu cikin wahala.

Wata Asabar na bi wasu masu sha'awar tsirrai muka hau tsauni, na ga Racomitrium lanuginosum ta rufe saman dutse kamar an shimfiɗa bargo mai toka-toka, na ga Andreaea a manne da giranait ruwa yana tsattsafowa ta kanta. Wannan fita ɗaya ta gyara min ido fiye da sati guda a benci, da na sani da tun satin farko na yi ta.

Da aron ya fito daga firiza saura min sati uku. Na jera nawa da nasu ina kwatantawa yanka da yanka, wasu sunayen suka tabbata, guda shida na gane na yi kuskure na gyara. Duk wanda na gama sai in rubuta 'yar takarda ƙarama da sunan da na ba shi da sunana da shekara in sa a ciki, ba a goge tsohon suna ba a rubutu a kansa, naka kawai kake ƙarawa don na baya ya ga tarihin. Guda 17 na kasa kai su ga nau'i, yawancinsu ba kwanso ko sun rududduge. Na je wa sufabaiza da su raina a ɓace, ya ce in rubuta sunan gidan kawai in bar su haka, sunan ƙarya ya fi rashin suna illa domin wani zai ɗauka ya sa a taswira, daga nan kuskuren ya yi ta haihuwa.

To ƙanwata da duk mai shirin shiga wannan, ka aika takardar aro a satinka na farko ko da jerin bai cika ba, ka ƙiyasta wata biyu kafin ka taɓa abin da ka nema. Ka nemi wanda zai nuna maka yanka da hannu tun ranar farko, littafi ba ya koya wannan. Ka daidaita ma'auninka da kanka a kan maikiroskof ɗin da za ka zauna a kai. Ka zana duk yankan da ka samu ko ka ɗauki hotonsa ka rubuta lambar ambulan a jiki nan take, domin ruwan da ke kan gilashin yana bushewa cikin mintuna kuma bayan sati biyu ba za ka tuna wanne ne wanne ba. Ka fara da masu kwanso waɗanda aka riga aka tabbatar da sunansu, ka bi littafin tantancewa da su ka ga ko zai kai ka inda ka san za a je, sannan ka taɓa waɗanda ba a sani ba. In kuma a gida Najeriya kake aikin, ka sani littattafan Turai za su koya maka hanya ne kawai, tsirran duwatsunmu daban ne, za ka fi haɗuwa da irin su Fissidens da Bryum da Hyophila, sai ka nemi abin da aka rubuta a kan Afirka, kuma akwai ma'ajiyar tsirrai a Zariya da ta gandun daji a Ibadan da ya kamata ka fara tuntuɓa.

Ranar ƙarshe na ƙirga samfuran aro ɗaya bayan ɗaya a gaban mai kula da ma'ajiya, suka cika cif, muka sa hannu ta rufe kwalin. Da na dawo gida damina ba ta ƙare ba, na ɗauki madubin hannuna da tsofaffin jaridu na naɗe ambulan 30 na nufi dutsen Kufena, kuma a kan kowanne na rubuta rana da irin dutsen da gefen da yake fuskanta kafin in sa komai a ciki.